Gidan da Ba a Cewa Tunkiya

Kizil-Orda, Talata 4 ga Agusta 1987, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ina rubutu a kan akwatina ƙarƙashin rumfar inabi, domin tebur ɗaya ne a gidan kuma ana yanka kankana a kansa.

Shaimerden-aga,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka jenge da yara, kuma gwiwar nan taka ta dama ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, ban da ƙurajen zafi a wuya. Jirgin ƙasa ya kawo ni daga Alma-Ata cikin awa ashirin da uku da minti arba'in. Ultugan-aje, kakar gidanmu, tana nan da ƙarfinta. Shekararta tamanin da huɗu, idonta na hagu ya mutu, kunnenta garau. Surukarta, Kulash-jenge, ita ke riƙe da gidan. Duk suna gaishe ka.

Bari in maimaita aikin da ka ba ni, don kada mu sami saɓani. Tunda Baba ya rasu, kai ɗan ƙanin kakana ne, kai za ka je nema mini auren Ulbosin. Ka ce ba za ka taka gidansu ba sai an tabbatar ba mu haɗa kaka da ita ba cikin kakanni bakwai, tunda zuriyarmu ɗaya, kuma al'adarmu ta hana aure a cikin bakwai ɗin nan. Mahaifinta ya ba ni jerinsu a rubuce. Suna ɗaya ne ke damun ka a ciki, Koibagar, wanda shi ne na takwas a wajenta, domin ka taɓa jin sunan a gidanmu kana yaro. Namu jerin ya tsaya a biyar: Baba Orazali, Kenjebek, Dosan, Esenkul, Jantore. Na shida da na bakwai babu wanda ya rage da ya san su sai Aje, matar babban yayan kakana. Idan aka ɗaura aure kafin ɗaya ga Satumba, za a mayar da aikin Ulbosin garin da aka tura ni awon ƙasa. Idan ba a ɗaura ba, shekara uku kowa da garinsa. Kwana ashirin da bakwai ke nan.

A takardar da ka aiko mini ka rubuta: "Kada ka nemi suna a bakinta, ka saurara kawai." Na fahimci kana tsoron in gajiyar da ita. Shi ya sa kwana biyu ban tambayi komai ba.

Sakamakon sauraron bai da yawa. Da na shigo ta shinshina goshina ta ce, "Ɗan raƙumina, a birnin naku ba a cin abinci ne?" Daga nan aka ɗora shayi, ba a sauke ba har yau. Ta ba ni labari goma sha ɗaya. Akwai na shekarar da ƙanƙara ta rufe ciyawa dabbobi suka ƙare, akwai na wata amarya da ta haye kogin Sir a kan ƙyauren ƙofa, akwai na wani saurayi da ya kayar da yayansa a kokawar biki mata suka rufe fuska. Wannan na ƙarshe ya ci minti arba'in. Babu suna ko shekara a ko ɗaya, don haka ban rubuta su ba.

Kulash-jenge ba ta kira ni da sunana ba ko sau ɗaya. Alƙalami take ce mini. Jiya ta ce, "Alƙalami, ajiye littafin nan ka ci nama, ko so kake ka auna shi tukuna?" Na kuma lura da wani abu a harshen mutanen nan. Sau tara aka yi maganar tumaki, daga Aje har jenge ba wadda ta ce tunkiya, sai dai dabba. Ina jin karin harshen bakin kogi ne.

Gobe ko jibi zan tambaya a hankali.

Ƙaninka,
Sagindik

*

Kizil-Orda, Juma'a 7 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Shaimerden-aga,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Mu duk lafiya, ƙurajen sun fara bushewa, jenge ta shafa mini kitsen wutsiyar dabba, kamar yadda suke faɗa.

An gama. Ka gafarce ni, na saɓa maganarka kaɗan, amma ban gajiyar da ita ba, minti shida ne duka. Jiya bayan shayin safe na buɗe littafi na karanta mata biyar ɗin da muka sani. Kowane suna na faɗa, ta gyaɗa kai. Da na kai Jantore na ce, "Aje, wa ya haife shi?"

Ta dube ni da idon nan guda ta ce, "Tambayata kake yi?"

Na ce e.

Ta ce, "Sarbas."

"Shi kuma Sarbas?"

Ta ce, "Malbagar."

Na sa ta maimaita sau biyu, na rubuta harafi-harafi, na karanta mata. Ta ce, "Haka nake faɗa." Kulash-jenge na bakin murhu, ta tuntsire da dariya har ta zubar da madara. Na tambaye ta abin dariya, ta ce, "Ba komai, Alƙalami, rubutunka ne ya yi kyau."

Don haka jerinmu: Orazali, Kenjebek, Dosan, Esenkul, Jantore, Sarbas, Malbagar. Bakwai cif. Na gwada da na Ulbosin layi-layi, babu suna ɗaya da ya zo iri ɗaya. Koibagar da ka ji kana yaro wataƙila maƙwabci ne, ko kuma Malbagar ka ji, tunda ƙarshensu ɗaya.

Da ƙarfe tara na je gidan waya na buga wa Ulbosin tangarahu, kalma huɗu: "Babu Koibagar a namu." Na ce a zuciyata gara mahaifinta ya sani da wuri don ya shirya tarbarka. Ina roƙon ka sa ranar tafiya, kada ta wuce ashirin da biyar ga wata. Zan zauna nan har amsarka ta iso, domin Aje ta ce wanda ya zo daga nisan kwana guda ba ya komawa kafin mako biyu.

Ƙaninka,
Sagindik

*

Aktobe, 12 ga Agusta

Sagindik,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan inda take. Jengenka na gaishe ka, ka gaishe mini da Aje da Kulash.

Wasiƙunka biyu sun zo rana ɗaya. Na karanta ta farko na ce yaron nan yana kan hanya. Na karanta ta biyu na nemi kujera.

Shekara biyar gwamnati na koya maka awon ƙasa, layi ɗaya na rubuta maka ka kasa auna shi. Wa ya ce maka gajiya nake tsoro? Matar da ke ba da labari goma sha ɗaya a kwana biyu ita ce za ta gaji? Na ce kada ka nemi suna a bakinta domin babu suna a bakinta. Suruka ce! An kawo ta gidanmu tana da shekara goma sha bakwai, daga ranar sunan duk wani namiji babba na gidan ya haramta gare ta, mai rai da wanda ya mutu. Ka san wannan, ko a makarantar kwana ta Rasha da aka kai ka sun wanke maka shi? Kana tsammani don mutum ya shekara ɗari da hamsin a ƙasa shi ke nan an sake mata baki?

Kai da kanka ka rubuta mini amsar ba ka gani ba. Sau tara, in ji ka. Me ya sa mace za ta shekara sittin da bakwai ba ta ce tunkiya ba, a ƙasar da babu abin da ake yi sai kiwon tumaki? Don tunkiya na cikin sunan kakan mijinta. Koi, tunkiya. Koibagar, mai kiwon tumaki. Ta cire tunkiya ta sa mal, dabba, ya zama Malbagar. Kulash ma surukar gidan ce, a wajenta ta koya. Shi ya sa ta yi dariya, kuma shi ya sa ba ta iya gaya maka ba. Sarbas ma ba suna ba ne, mai jan kai ke nan, laƙabi ne ta ba shi.

To ka ƙirga. Koibagar na bakwai ne a wajenka. Yana ciki.

Ba zan je ba. Na san za ka ce yanzu ofis ke ɗaura aure, ba ya tambayar kakanni. Gaskiya ne, ƙofar ofis a buɗe take, ba ni ke gadinta ba. Amma ba da ƙafata ba, kuma mahaifin yarinyar ba yaro ba ne, duk ranar da ya zauna da Aje zai gane cikin shayi ɗaya.

Tangarahun da ka buga, kai za ka san yadda za ka janye shi. Ban ji daɗin rubuta wannan ba. Orazali ɗan'uwana ne.

Shaimerden

*

Kizil-Orda, Talata 18 ga Agusta, ƙarfe uku saura kwata na rana

Shaimerden-aga,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Aje da jenge lafiya. Ni ma, sai dai kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba.

Wasiƙarka ta iso ranar Lahadi ta hannun maƙwabciya mai aiki a gidan waya. Ka yi gaskiya a kowane layi. Na san al'adar, amma na ɗauka ta masu rai ce. Kuskuren nawa ne.

Zan gaya maka abin da na yi tunani, don kada ka ji shi daga baya. Na yi tunanin in bar littafin yadda yake. Malbagar aka faɗa, Malbagar na rubuta, ban ƙara harafi ba. Na riƙe wannan tunanin kusan awa biyar. Jiya da safe na rubuta tangarahu na biyu, "Na yi kuskure, yana ciki," na sa a aljihu zan tafi gidan waya.

Aje na zaune a rumfa tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ɗan raƙumina, fuskar nan ta wanda aka yi wa rasuwa ce. Wa ya mutu?"

Na gaya mata duka, har da lissafin. Na karanta jerin, na ce na bakwai.

Ta ce, "Sake ƙirgawa."

Na sake. Ta ce, "Kai ne mai ilimin, amma ni takwas nake ji."

Na nuna mata yatsu. Ta ture hannuna ta ce, "Ranar da ka zo na ba ka labarin mai kokawa. Ina ka sa shi?"

Na ce ban rubuta ba, babu suna a ciki.

Kulash-jenge ta ce daga ɗaki, "Aje, ki yi masa a hankali, kunnensa a bakin alƙalami yake."

Sai ta sake ba ni labarin, wannan karon na rubuta. Ga shi a taƙaice. Wani dattijo ya aurar da babban ɗansa. Da aka haifi jikan farko, namiji, tsohuwa matar dattijon ta ɗauke shi ranar arba'in ta sa a ƙirjinta, kamar yadda ake yi, ya zama ɗan autansu. Ya tashi yana ce wa dattijon baba, yana ce wa wanda ya haife shi aga, wato yaya. Gidan duka aka kama baki. Yana da shekara goma sha tara aka yi biki a makiyayar rani, aka sa raƙumi kyautar kokawa. Saurayin ya kayar da mutum huɗu. Aga ɗin nasa ya sha kumis, nonon goɗiya mai sa maye, ya yi zafi, ya tuɓe riga ya shigo fili. Dattawa suka yi ta kiran sa ya fito, ya ƙi. Saurayin ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Maimakon shewa sai fili ya yi tsit, mata suka ja mayafi suka rufe fuska. Shi kuwa na ƙasan yana kwance yana dariya, yana cewa, "Ku bar shi, ƙashina ne ya kayar da ni." A nan saurayin ya gane. Bai karɓi raƙumin ba. Bai kuma taɓa ce masa baba ba har ya mutu, ranar jana'iza ma a layin ƙanne ya tsaya. Da ya koya wa 'ya'yansa kakanni, sai ya tsallake shi ya kama sunan dattijon.

Na ce, "Aje, wane ne saurayin? Kada ki faɗa, ni zan karanta." Na karanta a hankali. Orazali, shiru. Kenjebek, shiru. Dosan, shiru. Esenkul, ta ajiye tiren shinkafa ta gyaɗa kai. Na ce dattijon fa, Jantore? Ta gyaɗa.

Idan haka ne, akwai mutum ɗaya tsakanin Esenkul da Jantore, kuma Koibagar na takwas ne a wajena kamar yadda yake a wajen Ulbosin.

Ba na so in sake yin gaggawa, don haka ga raunin maganar. Shaida ɗaya ce. Ta ji labarin daga uwar mijinta, ba ta ga kowa a cikinsu ba. Ta san abin da nake so kafin ta maimaita shi, ko da yake ta fara ba ni shi ranar 2 ga wata, kafin ta san komai, kuma jenge ta ce ta ji shi fiye da sau talatin bai taɓa canzawa ba. Na tambaye ta sunan mutumin. Ta ce ta sani. Ta ce ita Mai Dariya take ce masa, kuma ba za ta fara rashin kunya da shekara tamanin da huɗu ba don in cika layi. Ba ta iya rubutu ba.

Tangarahu na biyu yana aljihuna. Ban buga ba, ban yaga ba. Kwana goma sha uku suka rage. Abin da ka ce shi zan yi.

Ƙaninka,
Sagindik

*

Aktobe, 23 ga Agusta

Sagindik,

Lafiya muke. Ka gaishe da Aje, ka ce mata Shaimerden ya sunkuya.

Mahaifina ya tafi yaƙi ina da shekara goma sha ɗaya, bai dawo ba. Kafin ya tafi yakan zaunar da ni ya ƙirga mini kakanni a yatsunsa. Abin da na riƙe shi na ba ka. Akwai abin da ban ba ka ba domin ban san abu ba ne. Idan ya ce Esenkul, sai ya lanƙwasa yatsa ɗaya bai ce komai ba, sannan ya ce Jantore a na gaba. Kullum haka. Shekara arba'in da shida ina ɗauka yatsan ne ke masa ciwo.

Shaida biyu ke nan. Yaga takardar.

Na sayi tikiti, zan sauka garinsu Ulbosin ranar Alhamis. Jengenka ta ɗaure kayan gaisuwa, ta ce in gaya maka ta auna su da ido, kada ka tambaye ta nauyi. Kai kuma kada ka motsa daga nan sai na kira ka. Ka zauna ka rubuta sauran goman.

Shaimerden

*

Kizil-Orda, Juma'a 28 ga Agusta, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Shaimerden-aga,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar ta jure tafiyar. Mu duk lafiya, na koma cin abinci. Tangarahunka ya iso ƙarfe ɗaya da minti ashirin, daga bisani na Ulbosin. Na gode. Jirgina gobe ƙarfe shida na safe. Na aika wannan Aktobe don ka same ta idan ka koma, domin a gaban mutane ba zan iya faɗa ba.

Na rubuta labari goma sha bakwai, shafi sittin da ɗaya. Na karanta wa Aje, ta gyara mini wuri ashirin da biyu. Ta ce in kawo mata amarya kafin sanyi, akwai waɗanda ba a ba maza.

Ga abin da har yanzu ban sani ba.

Ɗaya, sunan Mai Dariya. Na karanta mata sunaye sittin da uku na mutanen da, ba ta gyaɗa kai ba ko sau ɗaya. A na sittin da huɗu ta ce shayi ya huce.

Biyu, ainihin sunan Sarbas.

Uku, shekarar da aka yi kokawar, da wanda ya tafi da raƙumin.

Huɗu, ko mahaifinka ya san sunan ya ƙi faɗa, ko shi ma yatsan kawai aka ba shi.

Biyar, a jerin da zan koya wa 'ya'yana, ko in bar layin fari ko in rubuta abin da Aje ke faɗa.

Shida, Kulash-jenge ce ta tuna mini, tana dariya har da riƙe ciki. Daga ranar da Ulbosin ta shigo gidanmu, sunanka ya fita daga bakinta, da duk abin da ke cikinsa. Shaimerden. Shai, shayi. Na duba tangarahunta, ta riga ta lura, kalma shida ne: "An yarda. Na zaɓi wata kalma." Ba ta faɗi kalmar ba. Don haka ban san abin da za a riƙa ce wa shayi a gidana ba.

Ƙaninka,
Sagindik